Sakataren Alhaji

"Kai ɗan boko, wannan ɗan falankin ne zai zama sakatarena?"

"Shi ne, Baffa. A Computer Village na Ikeja na sayo. In na soke shi cikin kwamfuta na jona masa wayar tebur, aiki biyu yake yi. Ya kai mu intanet, ya kuma ɗauki saƙon wanda ya bugo ba ka nan."

"Albashinsa fa?"

"Wuta kawai yake ci."

"A Agegen nan? Ashe mai azumi ka sayo mini."

Aka zo naɗar muryar da mai kira zai ji. Alhaji ya gyara babbar riga, ya karkata hula, har da fesa turare. Na'urar dai ba ta gani, amma wa zai faɗa masa?

"A taƙaice, Baffa. Ba na nan, a bar saƙo. Shi ke nan."

"Assalamu alaikum. Alhaji ne, dillalin goro, wanda ya je Makka sau 3..."

"Baffa, mai bugowa daga Kano kuɗinsa ke tafiya."

"Wanda ba shi da kuɗin jin sunana, ina ya ga na huhun goro? Ina gajiya? Yaya iyali? An yi ruwa wajenku?"

"Wa kake tambaya?"

"Shi mai kiran mana. Yi shiru ya amsa."

Aka yi shiru ya amsa. Sau 5 ana sake naɗa, don farko ya manta Umara, daga baya kuma ya ce tarin da ya yi bai yi kama da na mai kuɗi ba.

"Wannan ƙiiit ɗin fa na ƙarshe? Wa ya yi mini tsaki?"

"Alama ce ta a fara magana."

"A gaya masa ya daina."

Washegari babu saƙo ko ɗaya. Ɗan boko ya wuni yana jiran hoto guda ya gama buɗewa a intanet, wai gudun 56k, iyakar saurin na'urar ke nan.

"Layin ɗaya ne, Baffa. In ana intanet, mai kira ba ya samun shiga."

"Wato in sakataren zai tafi yawo sai ya kulle mini shago."

Ran na uku saƙo ya shigo. Inna ce daga Kano. Ta amsa gaisuwar tsaf, har batun ruwa, sannan murya ta sauya:

"Ina magana ka yi mini tsaki, ka kuma yi gum? Lallai Ikko ta lalata ka."

Alhaji ya tuɓe hula ya zube gaban kwamfuta.

"Inna, ki gafarce ni, wallahi ba ni ba ne."

"Baffa, tun da safe ta bar shi. Ba ta jin ka."

"Rufe mini baki, ina magana da mahaifiyata!"

Ɗif, aka ɗauke wuta.

"Ka gani ko? Ta kashe. Ɗauko fitila ka nemo mini motar Kano."