Ku daina cewa "idan yaƙi ya ƙare"

'Ya'yana samari da 'yan mata na zumuntarmu ta masu jin Hausa a nan Port Sudan, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau zan fitar da ita, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri da tsoho.

Duk wanda na tambaya yaushe zai koma karatu, yaushe zai kama sana'a, yaushe zai je gaban iyayen yarinyar nan, amsa ɗaya ce: "Baba, idan yaƙi ya ƙare." Wannan magana muka fara yi tun ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana gobe Kibɗawa za su yi idin tashin Almasihu, da harbi ya tashe mu a Khartoum. Ni da kaina na ce sati biyu ne. Riga uku na ɗauka, na kulle ƙofa da kwaɗo biyu kamar mai zuwa ƙauye biki. Waɗansunmu suka tsaya Wad Madani suna cewa nan kam lafiya, a watan Disamba na shekarar suka sake ɗaukar kaya. Nan ɗin ma da muke ganin tudun mun tsira ne, a watan Mayu 2025 jirage marasa matuƙa suka iso, muka kwana muna kallon hayaƙin rumbunan mai.

Ba na raina tsoronku. Wanda ya kwanta ƙarƙashin gado yana jin gini na girgiza, in ya ce yana firgita da ƙarar ƙofa, gaskiya ya faɗa. Gudu kuma ba zunubi ba ne. Yusufu ya ɗauki Yesu da Maryamu da dare zuwa Masar, Bulus a cikin kwando aka zura shi ta garun Dimashƙu. Abin da ke damuna shi ne zaman da ya biyo bayan gudun, zaman jiran gawon shanu: a tashi hantsi, a zauna wurin mai jabana ana shan kofi, ido a kan waya ana jiran wani ɗan'uwa ya turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, rana ta faɗi.

Kusan dukanku kun haddace Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce yana da shiri na alheri dominmu. Wasu ma sun sa ayar a hoton WhatsApp. Amma nawa ne suka karanta abin da ke gabanta? Wasiƙa ce aka aika wa 'yan gudun hijira irinmu, mutanen da aka kwashe daga Urushalima zuwa Babila. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya riga ya faɗi maganar da kunne ke so, cewa cikin shekara biyu kowa zai koma gida. Irmiya ya ce shekara 70 ne, Hananiya kuwa bai ga ƙarshen shekarar ba. Me aka ce wa waɗanda ke Babila su yi? Su gina gidaje, su shuka lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Birnin waɗanda suka ci su da yaƙi fa! Shi Irmiyan, sojoji na kewaye da Urushalima, yana tsare, ya auna shekel 17 na azurfa ya sayi gona a Anatot, aka rubuta takarda a gaban shaidu aka adana a tukunyar ƙasa. Duk wanda ya gan shi ranar zai ce tsohon ya zare. Ni ban san ƙarfin hali da ya wuce wannan ba.

Ban ce za mu shekara 70 a nan ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake shekarunku na ƙuruciya ba sa jiran Burhan da Hemeti, janar-janar biyu da ke wannan yaƙi, su shirya.

Ku dubi 'yan'uwanmu Hausawa Musulmi da kakanninsu suka zauna a Mai Wurno da Gadarif a kan hanyar Makka. Su ma wuta ta taɓa su, tun rikicin Blue Nile na 2022. Duk da haka da yamma za ka ga mutum ya hura gawayi, ya jera agashe, ya barbaɗa yaji, Balarabe da ɗan ƙabilar Hadandawa suna layi. Sana'ar gidanmu ce har sunan nata, me ya hana ɗanmu koyo? Tun da madatsar Arba'at ta fashe a watan Agusta 2024 ruwa ya zama zinariya a garin nan, masu karo da jaki suna ciyar da iyali da shi. Wanda ya yi shekara uku a jami'a yana iya tara yaran unguwa goma ya koya musu lissafi da Turanci. Ga takaya, inda ake dafa wake da adas a manyan tukwane ana raba wa kowa ba a tambayar addininsa, kullum suna neman hannu.

Sai ku samari biyu-uku da nake jin kuna raɗa da masu fataucin mutane kan hanyar Libiya, da mai cewa zai ɗauki bindiga don an ce ana biya. Kada ku kira wannan bangaskiya. Shaiɗan ma da aya ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, kun san amsar da ya samu. Ka zo mu zauna, ka gaya mini bashin da ke wuyanka, mu kai maganar gaban dattawa.

Ran Juma'a bayan sujada ba wanda zai tafi. Kowa ya zo da takarda, ya rubuta abu ɗaya da hannunsa ya iya da abu ɗaya da yake so ya koya. Matar mai wa'azinmu ta ce kekenta na ɗinki yana nan ƙura na cinsa, mutum biyu take nema. Ni kuma na samo gwangwanaye da irin kuɓewa da na yakuwa, za mu jera su bayan ɗakin sujada. Ruwan wanke kwanuka ya ishe su.