Tsiron gishiri a Norfolk da kwaɗon tafasar gidanmu

A watan Yulin da ya wuce wata maƙwabciyata Baturiya ta kai ni bakin teku a Norfolk, gabashin Ingila, kusa da garin Wells. Ruwa ya janye ya bar fili na baƙin taɓo, a cikinsa kuwa ga wani tsiro kore shar, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, ba a ganin ganye a jikinsa sai gaɓoɓi masu kauri cike da ruwa. Samfaya suke ce masa. Idan teku ya cika yakan rufe shi ruf, amma gishirin da zai ƙone masara shi bai dame shi ba, domin tara shi yake yi a jikinsa tare da ruwa. Na tsinki ɗaya na tauna, garas-garas, gishiri ya cika mini baki.

Da yamma ta ɗan tafasa shi, ta sa man shanu, muka ci da kifi. Ta ce kakanninsu ƙona shi suke yi su haɗa sabulu da gilashi da tokar, ni kuma na ba ta labarin yadda iyayenmu mata a Deba, garinmu a jihar Gombe, suke ƙona karan dawa su tace ruwan toka. Sai ta tambaye ni wane babban gidan abinci ne a Gombe za ta je ta ci namu ganyen daji. Na rasa amsa, kuma har yau abin yana cina.

Na yarda cewa su marmari ke sa su cin nasu, mu kuwa sau da yawa yunwar tsakiyar damina ce take kai mu ga tafasa, kuma wanda ya ci abu don dole ba ya ɗokin ganinsa. Duk da haka ban ga abin da samfaya ya fi kwaɗon tafasa ko na rama da ya sha ƙuliƙuli da albasa ba. Su suna jera tsiron taɓonsu kusa da kifi mai tsada suna alfahari da shi, mu kuwa mun laƙaba wa namu sunan abincin talaka.

Ina tuna Innarmu, Allah ya jiƙanta, idan ta ji sallamar baƙi daga birni takan rufe kwanon kwaɗon da faifai, ta tura shi ƙarƙashin gado, sannan ta aike ni in ciyo bashin shinkafa.