Kundun: Fim ɗin da ya nuna fadar Tibet, ya bar gonakinta a duhu

A ƙarshen shekarar 1997 Martin Scorsese ya fitar da Kundun, fim mai tsawon minti 134 a kan ƙuruciyar Dalai Lama na 14, jagoran mabiya Buddha na Tibet, daga 1937 da aka gano shi yana ɗan shekara biyu a ƙauyen Taktser, zuwa Maris na 1959 da ya tsallaka iyakar Indiya yana gudun hijira daga mamayar Sin. An kashe masa kusan dala miliyan 28, abin da ya samo a gidajen kallon Amurka bai kai miliyan shida ba. An sa shi takarar kyautar Oscar a fannoni huɗu, wato ɗaukar hoto da kiɗa da sutura da tsara dandali, bai ɗauki ko ɗaya ba. Ra'ayina shi ne fim ɗin ya fi ƙarfin wannan faɗuwar kasuwa nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin tarihin Tibet zai tashi da rabin labari. Ƙarfinsa da rauninsa daga tushe guda suka fito: kyamara ba ta taɓa barin idon yaron nan ba. Abin da ya gani za ka gani, abin da fadawa suka ɓoye masa kai ma an ɓoye maka.

A fara da inda aka yi aiki. Ba a ɗauki fim ɗin a Tibet ba, kuma izinin Indiya bai samu ba, don haka aka tare a Maroko, a yankin Warzazat, inda Dante Ferretti ya gina ɗakunan fadar Potala da na Norbulingka, fadojin Dalai Lama a Lhasa babban birnin Tibet, aka ƙara duwatsu masu ƙanƙara da dabarar zane. Babu tauraro ko ɗaya. 'Yan Tibet mazauna gudun hijira aka ɗauko, yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, har da dangin Dalai Lama na jini. Mutum huɗu ne suka fito a matsayinsa daga yarinta zuwa samartaka. Wannan zaɓi ya biya, domin akwai abin da ba a koya wa ɗan wasa a wata uku: yadda ake miƙa farin gyalen gaisuwa da hannu biyu, yadda ake ja da baya daga gaban babba ba tare da an ba shi ƙeya ba, yadda mai zuhudu ke gyara mayafinsa a kafaɗa yana tafiya. Jikinsu ya riga ya sani.

Dubi gwajin da aka yi wa yaron. Masu neman sun shimfiɗa kaya bibbiyu, carbi da ƙaramar gangar hannu da sanda, ɗaya na marigayi Dalai Lama na 13 ne wanda ya rasu a 1933, ɗaya kuma makamancinsa. A aƙidar mabiya Buddha na Tibet, idan yaro ya zaɓi na marigayin, alama ce ran ya dawo a jikinsa. Scorsese bai yi wa mai kallo wa'azi a kan ko hakan gaskiya ne ba. Ya sauke kyamara daidai tsayin yaron, ya bar mu muna kallon hannunsa yana kai-komo a kan kayan, da fuskokin manya suna riƙe numfashi. Musulmi ko Kirista ba sai ya yarda da aƙidar ba kafin ya gane nauyin da aka ɗora wa ɗan shekara biyu.

Haka zanen yashi, wanda ya buɗe fim ɗin kuma ya dawo kusa da ƙarshensa. Ana fara shi da jan layuka a kan katako da zare da alli. Sai a zuba yashi mai launi a cikin siririn mazurarin ƙarfe mai ƙarƙara a bayansa, a riƙa goga masa wani ƙarfen, girgizar ta sa yashin ya zubo kamar zare. Daga tsakiya ake farawa a yo waje, don kada hannun riga ya share abin da aka gama, kuma numfashi mai ƙarfi kaɗai ya isa ya ɓata aikin yini. Bayan kwanaki, in an kammala, sai a share shi da gangan a zuba yashin a ruwa mai gudu. Thelma Schoonmaker, mai tace hoton, ta saƙa sharewar nan cikin tafiyar hijira, hannu na tattara yashi, dawakai na hawa dutse. Babu wanda ya buɗe baki ya ce ƙasa ta rushe, kuma ba a bukata.

Akwai kuma mai hawan iska na Nechung, wanda gwamnatin Lhasa ta wancan zamani ke neman shawararsa a manyan al'amura. Ana sa masa riguna masu nauyi da madubin ƙarfe a ƙirji, a ɗaura masa hula mai nauyin gaske bayan iskar ta hau, yana huci yana tsalle, magatakarda na rubuta abin da ya furta, in ya faɗi a yi maza a kwance igiyar hular kada ta shaƙe shi. Fim ɗin ya nuna wannan da tsoronsa, bai mai da shi abin dariya ba. Ya kuma nuna jana'izar mahaifin Dalai Lama, inda ake yanka gawa a ba ungulaye, al'adar da ke da dalilin aƙida da na ƙasa: tudu ne mai duwatsu da daskarewa, haƙa kabari wuya, itacen ƙonawa kuma tsada. Roger Deakins, mai ɗaukar hoton, ya haska ɗakunan kamar da fitilun man shanu kawai, ja da ruwan zinariya suna fitowa daga duhu. Philip Glass ya haɗa dogayen kakakin Tibet da muryar masu zuhudu mai zurfi da kiɗansa mai maimaita kansa. Wasu kiɗan na gundurarsu, ni kuwa ina ganin shi ne ke riƙe da minti talatin na ƙarshe.

To, ina aka gaza? Na farko harshe. Kowa Turanci yake yi, daga manomin Taktser har Mao, shugaban Sin na lokacin. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Yaren Lhasa yana da kalmomin girmamawa daban, ta yadda hannun babba da cin abincinsa da tafiyarsa duk suna da sunan da ba na talaka ba. Duk wanda ya san bambancin yadda ake magana a fada da yadda ake yi a kasuwa ya san matsayi a baki yake zaune. Iyalin yaron kuma daga Amdo suke, can arewa maso gabas, Dalai Lama da kansa ya ce wani karin harshen Sinanci na yankin Xining suke yi a gida, sai da ya koyi yaren Lhasa. Turanci ya share wannan duka. Ya kuma tauye 'yan wasan, domin mutumin da bai saba wasa ba, aka ba shi harshen da ba nasa ba, sai ya riƙa karanto magana kamar hadda. In an yi shiru suna da kyau, in an fara muhawarar majalisa sai fim ya yi sanyi.

Na biyu, kuma shi ne babba, ƙasa da masu nomanta. Tibet ta wancan zamani gonakinta suna hannun gwamnati da gidajen sarauta da gidajen zuhudu, manoma da yawa a ɗaure suke da gandun ubangidansu, suna biyan haraji da aikin tilas da dabbobin sufuri. Masana na jayayya a kan sunan da ya dace da tsarin, Beijing kuma ta mai da shi hujjar mamaya, amma samuwarsa ba abin musu ba ne. A fim ɗin, abin da muka samu shi ne yaro a kan soro yana hango fursunoni da madubin hangen nesa, daga baya ya sa a sake su. Wa ke noma sha'irin da ake ciyar da dubban masu zuhudu na manyan gidajen zuhudun Drepung da Sera da Ganden? Ba a tambaya ba. Rikicin 1947 ma haka: an kama tsohon mai riƙon ƙwarya Reting, ya mutu a kurkukun Potala, sojojin gwamnati suka yi wa masu zuhudu na Sera luguden wuta. Mu dai ƙarar bindiga muka ji daga nesa, da yaro yana mamakin yadda masu zuhudu ke da makami. Makarantar Turanci da aka buɗe a Lhasa a 1944 aka rufe cikin 'yan watanni saboda matsin gidajen zuhudu ba ta samu shiga ba. In ba ka san waɗannan ba, ba za ka gane yadda sojan Tibet da bai kai dubu tara ba ya tsinci kansa gaban sojan Sin kusan 40,000 a Chamdo a Oktoban 1950, ba shiri ba ƙawa.

Dalilin wannan giɓi a fili yake. Melissa Mathison ta rubuta labarin ne daga hirarrakinta da Dalai Lama, kuma ya duba rubutun. Wannan ya ba ta bayanan ciki da ba mai samu, kamar na'urar nuna fim da tsofaffin motocin magabacinsa da yake kwancewa yana ɗaurawa. Amma wanda ya ba ka labarin gidansu, da wuya ka fito ka ƙirga masa ɓarakar katanga.

Akwai abin da aka tsallake da zai ba mai karatunmu sha'awa. Amdo a lokacin tana hannun Ma Bufang, Musulmin shugaban yaƙi na Qinghai, wanda ya ƙi sakin yaron sai an biya shi kuɗin fansa har sau biyu. Kashi na biyu, azurfa 300,000, wasu fatake Musulmi masu niyyar aikin hajji ne suka ba da rance, suka raka ayarin zuwa Lhasa a 1939 aka biya su a can. Lhasa kanta tana da tsohuwar al'ummar Musulmi da masallacinsu. Tibet ta fim ɗin launi ɗaya ce, ta gaskiya ta fi haka gauraya. Haka nan mayaƙan Kham, a gabashin Tibet, da suka ɗauki makami a kan sojan Sin, waɗanda hukumar leƙen asirin Amurka ta horar da wasunsu ta kuma jefa musu makamai daga sama, ba a ba su gurbin da ya kai rawar da suka taka ba, alhali ta yankin da suke riƙe da shi aka bi da Dalai Lama bayan ya fita Norbulingka cikin kayan soja a daren 17 ga Maris.

Mao ne wuri mafi rauni a wasan. Ganawarsu a Beijing tsakanin 1954 da 1955 ta faru, kuma maganar da ya yi cewa addini guba ne Dalai Lama ya sha ba da labarinta. Amma an fito da shi da murmushin mugun cikin tatsuniya. Gaskiyar ta fi haka ban tsoro: saurayin ya burge da abin da ya gani na masana'antu da alƙawarin daidaito, har ya nuna sha'awar shiga jam'iyyar Kwaminis. Mutumin da ya iya jan hankalinsa haka ba zai zama wanda ana ganinsa an san macuci ne ba.

Ba na so a ɗauki wannan suka a matsayin goyon bayan waɗanda suka nemi binne fim ɗin. Tun ana ɗaukarsa Beijing ta gargaɗi kamfanin Disney, wanda reshensa na Touchstone ya ɗauki nauyi. Da ya fito, aka hana Scorsese da Mathison shiga ƙasar, aka tsuke wa kamfanin kasuwa. Disney ta nemi shawarar Henry Kissinger, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ta saki fim ɗin a gidajen kallo ƙalilan ba tare da tallan kirki ba, kuma a 1998 shugabanta Michael Eisner ya shaida wa Firimiyan Sin Zhu Rongji cewa yin sa kuskure ne. A 1999 aka bar Mulan, wani fim ɗin Disney, ya shiga Sin, a 2016 aka buɗe filin wasan Disney a Shanghai. Tun daga 1997, shekarar da Kundun da Seven Years in Tibet suka fito tare, manyan kamfanonin Hollywood ba su sake zuba kuɗi irin wannan a kan labarin mamayar Tibet ba.

Ga mai son kallo, ya nemi hoto mai kyau da sauti mai ƙarfi, domin a ƙaramar waya duhun Deakins kan zama baƙi ƙirin, kakakin kuma ya ɓace. Ya riƙe ranaku huɗu a kansa kafin ya fara: 17 ga Nuwamba 1950 da aka miƙa wa ɗan shekara 15 mulki, 23 ga Mayu 1951 da wakilan Tibet suka sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a Beijing, 10 ga Maris 1959 da jama'a suka kewaye Norbulingka don hana a tafi da shi, da 31 ga Maris da ya isa Indiya. Fim ɗin yana wuce su da sauri, kuma wanda bai san su ba zai ɓace tun kafin ayarin ya kai kogin Kyichu.