Ba ƙungiyar ƙwadago kaɗai fim ɗin ya zolaya ba

Malam marubuci, sannu da aiki. Amma inda ka ce fim ɗin I'm All Right Jack na 1959 ya fito ne don ya ci mutuncin ƙungiyoyin ƙwadago a Ingila, nan ban yarda da kai ba.

Gaskiya ne Peter Sellers ya yi wa Fred Kite, wakilin ma'aikata a masana'antar makamai, kwalliyar abin dariya: ɗan gashin baki, manyan kalmomin da bai iya furtawa daidai ba, ga mafarkin zuwa Rasha. Har kyautar BAFTA ta finafinan Birtaniya Sellers ya ci da wannan rawar. To amma wa ya haddasa yajin aikin da aka yi a fim ɗin? Kawun jarumin fim ɗin Stanley Windrush ne, mai kamfanin, ya tura yaron cikin leburori da gangan. Yaron ɗan masu hali ne, bai san dawan garin ba, sai ya riƙa aiki da sauri fiye da kowa, aka auna saurinsa, ma'aikata suka fusata. Shi kuwa kawun so yake a tsaya da aiki domin kwangilar ta koma kamfanin abokinsa a kan farashi mai tsada, su raba ribar a ɓoye.

Kite wawa ne, amma da zuciya ɗaya yake wautarsa. Masu kwat da taye ɗin nan su ne ɓarayin. 'Yan'uwan Boulting da suka shirya fim ɗin ba su bar kowa ba, har 'yan jarida da talabijin sun sha nasu rabon. Ka sake kallon wurin da Windrush ya watsa kuɗin cin hancin da aka ba shi a gaban kyamara, kowa ya rufa a kai yana wawaso.