Tsufan jijiyoyin jini da amanar da ke wuyanmu

Assalamu alaikum ƴan'uwa Musulmi na Maradi da kewaye.

Allah Maɗaukakin Sarki ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa ya halicce mu daga rauni, ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi. Furfura kowa yana ganinta, amma tsufan da ke gudana cikin jijiyoyin jini ba ya nuna kansa sai ya yi nisa.

A shekarar 1961 wani masani ɗan Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar halittar jikin mutum tana rabuwa kamar sau 50 ne, sannan ta daina. Ƙwayar da ta kai wannan gaɓa ba ta mutuwa nan take, tana nan zaune tana fitar da sinadaran kumburi waɗanda suke isa ga maƙwabtanta, su ma su tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Wannan yana tuna mini misalin da Manzon Allah (SAW) ya buga na mugun abokin zama da mai zuga wutar maƙera: ko ya ƙona maka tufa, ko ka shaƙi wari.

Cikin kowace jijiya akwai siririyar shimfiɗa da ke aika wa naman da ke kewaye da ita saƙo, ta hanyar iskar da ake kira nitirik oksaid, cewa ya saki jiki jini ya wuce. Gano wannan ne ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. Idan ƙwayoyin shimfiɗar suka tsufa saƙon yakan raunana, jijiya ta sandare, sai hawan jini ya biyo baya, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki.

A hadisin Usama bin Sharik, Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Tsufa dai ba mai tsare shi, amma gaggauta shi da hannunmu, wannan kam cin amanar jiki ne. Taba sigari da yawan sukari a jini suna cikin abubuwan da ke tsofar da waɗannan ƙwayoyi. Ku dubi sukarin da samari ke zubawa a butar shayi a fada, ku dubi dunƙulen da ake marmasawa a miya bayan an riga an sa gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali.

Mai iko ya taka da ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa maimakon ya tare kabu-kabu. Mu kai iyayenmu asibiti a auna musu jini ko ba su koka da komai ba, kuma wanda likita ya ɗora wa maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya ji ciwon kai ya lafa.