Ƙarangiya ta tona min asiri a gidan surukai

Wallahi har yau in zan zauna sai na karkata gefe ɗaya. Ranar Juma'a na sha shaddata zan je gaida surukai can bayan Argungu, mai ya ƙare a mashin, na ce bari in yanke ta gonata. Gonar da na ba ɗan Kawu kuɗin maimai tun watan Yuli, kun dai san shi. Jigawa ce, ga kaka ta kama, ashe ƙarangiya ta nuna har ta fi geron kyau. Na kakkaɓe ta gaba, ta bayan wando ban san da ita ba.

Na iske Baba kan tabarma da abokansa, na tuɓe takalmi na durƙusa, na sauke jikina gaba ɗaya kan dugadugai irin na mai ladabi. Jama'a! Kamar an watsa min allurai. "Ina wuni" ta fito da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Tashi ba dama, kuma kun san gaisuwar mutanenmu, ina gida, ina ɗiya, ina gajiya, a koma farko. In ɗaga dama hagu ta soke ni, hawaye suka cika min ido, Baba kuwa cewa yake "wanga yaro akwai kunya."

Sai wani tsoho mai jan goro a baki ya leƙo bayana. "Gonar wa ka biyo? Mai ita rago na!" Ya buɗe karatu: tun tana ɗanya ake nome ta kafin ta fidda kai, lokacin dabbobi ma na cin ta, in ta yi ƙaya sai a tuge a tara a ƙone, in iri ya zube baɗi ta dawo da danginta. Ina ta "gaskiya ne Baba", sai ƙanen matata ya nuna ni ya ce "ai gonarshi ce." Yaron da na saya wa kati makon jiya fa.

Yara uku suka zagaye ni suna lasar yatsa suna cire min ɗaya ɗaya.

Shi ɗan Kawu wai da tana ƙarama ya ɗauka gero ce. E, suna kama, amma har wata uku? Har yanzu bai ɗaga wayata ba, mashin ma yana can.