Lami da zariyar wandona

Kusu ne ya jawo mini duk wannan, wato ɓera in ji Kanawa. Tun farkon bazara suka kafa gwamnati a ɗakin ajiyarmu a Mabera. Sun huda buhun shinkafa, sun ci rabin sabulun wanki, sun gutsure wayar cajin uwargida, duk ban tanka ba. Sai ranar da na buɗe akwati na tarar sun yi wa takardar shaidar gama makarantata cin kilishi daga gefe. A ranar na ce a nemo mussa.

Mussar wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta haifi huɗu. Na je roƙo, ta ce in dakata. "Ba a raba ɗiya da nono, Malam. Bari ta yi wata biyu." Daga baya na ji likitocin dabbobi ma sati 8 suke cewa, ita kuwa tsohuwa ba ta taɓa zama a aji ba. Ranar wata Alhamis aka kawo mana ita cikin kwalin taliya, fara sol da ɗigon baƙi a hanci, da kaɗan ta fi tafin hannuna. Tun da Alhamis ta zo, autata ta raɗa mata Lami. Na yi dariya na ce shi ke nan, mun samu kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Bakina ne ya yi saurin magana.

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 har ƙarfen ƙofa ya ƙi taɓuwa. A tsakar gida muke kwana cikin gidan sauro. Lami takan wuni a gindin randa tana barci kamar wadda ta yi noman gayya, ka ɗaga ƙafarta ka saki ta faɗi yaraf. Amma kafin ladan ya yi kiran assalatu sai ta zama wata halitta daban. Ta hau gidan sauro har ƙoli, ta sulalo, ta laɓe, ta jira babban yatsan ƙafata ya motsa, ta dira masa ta cikin raga. Dare uku a jere ina tashi da salati. Ashe haka jininsu yake: da magariba da asuba suke farauta, lokacin da abin farautarsu ke fitowa, in kuma babu kusu a kusa to yatsan maigida ma nama ne.

Na shiga waya na bincika. Kowa cewa yake ƙaramar kyanwa sai da kayan wasa, in ba haka ba za ta mai da kai kayan wasan. Na ga bidiyon wasu Turawa da suka ware wa mage ɗaki guda, da tsani, da lilo, da wata bishiyar katako mai hawa uku. Ni da nake biyan haya ban kai nan ba, amma na ce ba za a ce mussar gidana ta tashi cikin maraici ba. Ranar Asabar na hau kabu-kabu sai Babbar Kasuwa.

A layin masu kayan yara na tsaya gaban wani dattijo mai shago. Na yi sallama, na rage murya, na ce kayan wasan mussa nake nema.

Ya ajiye rediyonsa. "Na mi?"

"Na mussa, Alhaji."

Ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ƙwala kira. "Zaka ka ji wani abu! Wanga bawan Allah kayan wasan mussa yaz zaka saye!" Kafin in ankara mutum biyar sun kewaye ni, har da mai turin baro. Ɗaya ya tambaya ko mussar daga Makka aka kawo ta. Wani ya ce shi ɗiyansa bakwai, da gwangwani suke wasa, kuma duk sun girma lahiya lau. Dattijon dai ɗan kasuwa ne, da ya gama dariya sai ya fara zaro kaya. Na baro shagon da ɓeran roba da ake wanawa, da ƙwallo mai ƙararrawa irin ta jarirai, da 'yar tsana mai gashin zare, da ƙaramar tocila mai fitar da jan ɗigo. Naira 6,500. Har na kai bakin layi ina jin yana cewa in gaishe da mussa.

Uwargida ta dubi kayan, ta dubi farashin da na faɗa (4,000 na ce mata), ta ce, "Malam, sati biyu ina maganar kuɗin gas." Ban ji ba, ina wana ɓera.

Na ajiye shi a ƙasa na saki. Ya nufi Lami kai tsaye yana ƙara kamar injin markaɗe. Ta yi tsalle sama da ƙafa huɗu, gashinta ya miƙe, ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fito ba sai la'asar. Da na zauna na yi tunani sai na ga gaskiyarta. Tun da aka halicci kusu gudu yake yi daga mussa, ko ya laɓe, ko ya tsaya cak sannan ya zabura. Wanda ya taho maka gaba gaɗi yana gurnani, wannan ba abinci ba ne, masifa ce. Ƙwallon kuwa ta fi kanta girma, ta shinshina ta wuce. 'Yar tsana auta ta ɗauke, har yau tana ɗakinta. Tocilar ce kawai ta yi aiki, ita ma aikin banza: Lami ta bi jan ɗigon nan daga bango zuwa bango har tana haki, ta danne shi sau ashirin, duk ta ɗaga hannu ba komai. Da haushi ya ishe ta sai ta waiwayo ta kama abin da ke kamuwa, wato idon sawuna.

Abin da ya ƙara mini takaici, da dare na same ta tana ta fama da ƙodagon goruba da yara suka yar. Shi ba ya mirginawa a miƙe, sai ya karkace nan ya karkace can, ita kuma tana binsa kamar ranta zai fita. Murfin gorar ruwa, dunƙulalliyar takarda, gashin zabo da iska ta kwaso daga bayan madafa, duk ta fi son su a kan kayan 6,500.

To, sai ranar da na gano zariya.

Ina zaune bayan magariba ina zura sabuwar zariya a wandon shadda da mazargi, bakinta ɗaya na jan ƙasa. Sai na ga Lami ta kwanta ruf da ciki, kunnuwa gaba, idanu sun cika da baƙi, tana kaɗa gindi hagu da dama. Ta dira. Na ja, ta bi. Na ɓoye bayan ƙafar kujera, ta zagaya. Na ɗaga sama, ta yi alkafura. Minti goma sha biyar muka yi, ta ci abinci, ta lashe jikinta, ta kwanta, kuma a daren nan yatsana ya kwana lafiya. Na ji kamar ni na ƙirƙiro lantarki. Kullum bayan magariba sai na zaro tsohuwar zariya mu yi atisaye. Har a majalisa na ba da lacca, na ce duk mai mussa ya bar ɓata kuɗi, ga sirrin a ƙugunsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mussa ba ta san bambancin zariyar da ta yi ritaya da wadda ke bakin aiki ba.

Alamu sun fara, ni ne ban karanta ba. Ta fara kai wa jelar tasbaha hari ina tsakiyar lazimi. Ta rataye a bakin hijabin uwargida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ni na koya mata duk abin da ke reto halal ne.

Ranar wata Juma'a surukina ya zo daga Wurno. Ya yi salla a masallacin Sarkin Musulmi Bello, ya biyo ya duba ɗiyarsa da jikoki, da buhun albasa a bayan mota kamar yadda ya saba. Dattijo ne mai kwarjini, shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar darbejiya. Na fito cikin farar shadda, na cire takalmi, na tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, an zo lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ina iyali?"

Muna cikin ina aiki ina zahi sai na ji wani ɗan motsi ƙarƙashin rigata. Ashe da na tsuguna bakin zariya ya sauko yana lilo tsakanin ƙafafuna. Na ji an ja sau ɗaya. Na san wannan jan. Sati uku ina horar da shi. Aka sake ja, da ƙarfi, irin na wadda ta kafa ƙafafun baya a ƙasa, sai na ji ƙullin ya warware sumul, ƙuguna ya yi sakayau, iska ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

"Tashi ka zauna bisa kujera mana," in ji Baba.

"A'a Baba, nan ma ya yi."

Ya sake cewa, na sake ƙi. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen uwargida da ke zuba masa hura, ya ce a zamanin nan samun yaro mai ladabi irin mijinta sai an tona. Ni kuwa gumi na bin bayana, hannuna ɗaya cikin aljihu ina lalubar wuyan wando, ɗayan ina ƙoƙarin ture Lami, ita kuma ta ɗauka sabon salon wasa ne, ta rungume hannun da ƙafa huɗu tana harbi.

Sai Baba ya ce in je in sauke albasar nan kada rana ta dafa ta.

Na miƙe a hankali, a karkace, hannu dafe da ƙugu, gwiwoyi a haɗe. Na yi taku uku kamar mai tsallake kwata. Baba ya bi ni da kallo.

"Wanga tahiya taka, basir na," ya ce. "Kada ka ji kunya, ciwon maza na. In na koma zan aiko maka da magani."

Na ce na gode. Me zan ce? A taku na huɗu Lami ta yi jan ƙarshe, zariya ta zare, ta kwasa da gudu ta ratsa tsakar gida ta gaban darduma, kamu biyu na farar zariya na binta a baya.

Aka yi shiru. Uwargida ta ce, "Tsumma na, Baba," muryarta na rawa, ta shige madafa, ina jin dariyarta tana karo da tukwane. Baba ya kurɓi hura, ya goge baki, ya dubi darbejiya. Ya ce son mussa ba aibu ba ne, ai Sahabi Abu Huraira ma saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka a hannun riga ya samu sunan. Ya ɗan tsaya. "Amma dai hannun riga munka ji."

Da dare na tsinci zariyar a bayan randa, an tauna ta, bakinta ɗaya mai tufka babu. Lami kuma ta ƙi cin abinci, ta kwanta ciki a kumbure. Da safe na sa ta a kwalinta na taliya, na hau kabu-kabu zuwa wajen likitan dabbobi. Da na ba shi labari (na tsallake sashen Baba) bai yi dariya ba. Ya buɗe bakinta ya duba ƙarƙashin harshe, ya ce nan zare ke maƙalewa. Harshen kyanwa ƙaiƙayi gare shi masu kallon maƙogwaro, abin da ya hau kai da wuya ta tofar, sai dai ta haɗiye. In baki ɗaya ya maƙale sauran ya wuce ciki, hanji sai ya tattare a jikin zaren. Ya rasa misalin da zai ba ni sai ya ce, "Kamar dai yadda wando ke tattarewa a zariya." Na ce na gane ƙwarai. Ya ce wannan sai tiyata, kuma ko na ga zare ya leƙo ta baya kada in kuskura in ja.

Ya lallatsa cikinta ya ce bai ji abin tsoro ba, amma in sa ido kwana biyu, in ta fara amai in dawo da gudu. Sannan ya yi mini karatu. A ɗaura gashin zabo a bakin doguwar sanda, hannu ya yi nesa da haƙori, a bar ta ta riƙa kamawa, in an gama a ɓoye sandar inda ba ta kaiwa. Zare, robar ɗaure kuɗi, leda, duk a kawar. Kada a fito da kayan wasa gaba ɗaya, yau ƙodago gobe kwali, don abin da ta saba gani kullum ya zama gawa a wurinta. Na tambaya ko in ba ta rabin farasitamol. Ya zaro ido ya ce ko ɓalli kashe kyanwa yake yi. Albasa da tafarnuwa ma guba ne gare ta, suna lalata mata jini. Na tuna buhun Wurno da ke jingine a zaure, na yi shiru.

Da na dawo gida aka warware shari'ar. Guntun zariyar na nan maƙale cikin wuyan wandon, bai taɓa fita ba. Kumburin ciki kuwa, auta ta amsa laifi: cinyar zabon da Baba ya rage, ita ta zare ƙashin ta ba Lami duka.

Ranar Talata direban Wurno ya yi sallama da jarka mai lita huɗu, cike da wani baƙin jiƙo mai ɗacin da ke sa kunne ƙaiƙayi. Uwargida ta ce amanar mahaifinta ce, kofi ɗaya safe da yamma, kuma a gabanta. Na kai wa tela wanduna biyar ya sa musu roba, ya tambaye ni dalili na ce likita ne ya hana ni zariya, wanda ba ƙarya ba ne.

Jiya da asuba na fito alwala na ga wani ƙaton kusu ya fito daga ɗakin ajiya, ya bi gindin bango a natse, ya wuce ta gaban Lami. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi har ya shige rami. Sannan ta miƙe, ta yi hamma, ta zo ta zauna gabana tana kallon ƙuguna.